Garaken Tanut: a yi takarda tun ba a kafa borni ba

Damargu ƙasar gero ce. Tun zamanin ayari, daga nan Abzinawa ke ɗora hatsi a raƙuma su haura da shi Agadas. Amma duk wanda ya baro Damagaram ya yi tafiyar kilomita kusan 150 ya iso Tanut ya san irin damanar da ake yi a nan: ruwan shekara yakan tsaya tsakanin milimita 200 da 300, cikin wata uku ya zuba ya ɗauke. Na ƙasa kuma yana da nisa, a wurare da dama sai an nutsa mita 50 ko fiye.

Shi ya sa garka a Tanut ko Belbeji ba inda mutum ya ga dama yake yin ta ba. Sai bakin tabki, sai kwari mai laka, sai kusa da rijiyar burtsatse. Laka tana riƙe laima bayan ruwa ya janye, kuma sanyin Nuwamba zuwa Fabrairu yana rage wa shuka ƙishirwa. Da asuba za ka tarar da mata sun yi shingen ƙaya saboda awaki, sun yanka fangali-fangali na salati, shu, tumatir da albasa. Tabki na ja da baya, suna bin sa da ramuka, suna ɗiba da bokiti suna ban ruwa kafin rana ta yi zafi. Kuɗin cefane da na littafin ɗan makaranta daga nan suke fitowa, a daidai lokacin da maza da yawa suka tafi cin rani Libiya, Aljeriya ko Najeriya.

Wannan sana'a ta yi ƙarfi ne bayan farin 1984, lokacin da gwamnatin Janar Seyni Kountché ta yi kiran a duƙufa ga noman rani. A 2012 shirin 3N, wato ƴan Nijar su ciyar da ƴan Nijar, ya sake ɗaga batun. An kawo iri, an kawo waya, an haƙa rijiyoyi. Abin da aka fi yin sakaci da shi ita ce ƙasar da aka zuba duk wannan a kanta.

Galibin masu garka ba su suka mallaki wurin ba. Aro ne. Mai gari ko wani magidanci ya ce wa ƙungiyar mata, “Ku je ku yi, Allah ya sa albarka,” shi ke nan, ba rubutu. Muddin wurin fako ne babu mai waiwayarsa. Ranar da gari ya matso, magada suka ji farashin fegi, sai magana ta sauya. Ƙidayar 2012 ta nuna jama'ar Nijar na ƙaruwa da kashi 3.9 cikin ɗari a shekara, wato suna ninkawa kafin shekara ashirin, kuma kowa na son inda zai kafa gida. Ma'aikatar magajin gari ita ma da sayar da filaye take samun kuɗin shiga. Idan aka yi lotisma, wato aka yanka fili fegi-fegi aka kafa borni, mai ƙasa ake ba diyya ko wani kaso na fegaye. Matar da ta yi shekaru tana zuba taki sai dai ta tsinke tumatirinta ta tashi.

Yamai ta riga ta nuna yadda abin ke ƙarewa. A 1965 aka fara dasa dajin da ya kewaye birnin, ya kai kadada 2,500, ga shi na gwamnati, amma gine-gine sun cinye kaso mai yawa daga cikinsa. To ina ga garkar aro?

A Tanut asarar ta fi ciwo, domin ana iya yanka unguwa a kan tudu ta kowane gefe, amma ba a iya ɗauke kwari a kai shi wani wuri. Ko ba a taɓa garkar kanta ba, gini a kan hanyar da ruwa ke bi ya isa ya hana tabki cika, shara da leda su ƙarasa sauran.

Doka kuwa tana nan. Dokar tsarin karkara ta 2 ga Maris 1993 ta amince da mallakar gargajiya daidai da ta takarda, kuma a ƙarƙashinta aka kafa kwamitocin ƙasa da ake kira COFO, daga matakin ƙauye har zuwa na kwamin da na gunduma. Suna ba da shaidar gado, ta kyauta, ta saye, ta jingina, har da ta aro. A ganina duk wata ƙungiyar masu garka a Tanut, Gangara, Walalewa ko Tarka, kafin ta nemi injin ban ruwa, wannan takardar ya kamata ta fara nema, a rubuta iyaka da yawan shekaru, a gaban shaidu, tun ana dariya da mai ƙasa. Na biyu, ta matsa wa hukumomin kwamin su sa wurin cikin taswirar gari a matsayin filin noma da ba a yankawa. Mai ba da tallafi ma bai kamata ya kafa waya a ƙasar da ba ta da takarda ba.

Akwai gefen da masu fafutuka ke yawan mantawa. Tabkin nan ba na masu garka kaɗai ba ne. Damargu tana kan iyakar ƙasar noma da ta kiwo wadda dokar 1961 ta shata, kuma dokar kiwo ta 2010 ta kare haƙƙin dabbobi na kaiwa ga ruwa. Wanda ya kewaye tabki kaf da shinge ya jawo faɗa da Fulani da Buzaye, alhali su ne abokan da suka fi kowa buƙatar kada a gine wurin. In za a je gaban COFO, a tafi tare da ardo da wakilan makiyaya, a auna burtali da mashaya a rana ɗaya da fangalai, a sa su cikin takarda guda.