Injin matse tiyo mai batir: wuta ta fita daga aikin pampo, hatsari bai fita ba

Duk wanda ya taɓa tsayawa kan mai gyaran pampo yana aiki a Yamai, ko Maraɗi, ko Tawa, ya san hanyoyin da a ke haɗa tiyo da tiyo a ƙasarmu ba su da yawa. Na galba a kan yanka masa zare a murɗa shi cikin rakor, na PVC a shafa masa kwal, na PPR a narka bakinsa da ƙarfe mai zafi wanda ba ya aiki sai da kuran, na jan ƙarfe kuwa a kunna masa shalimo a liƙe shi da dalma. A ƙasashen Turai da Amurka akwai wata hanya ta biyar wadda ta mamaye manyan gine-gine: a zura tiyo cikin rakor mai zoben roba, a ɗora masa bakin wani inji mai batir, a danna, cikin daƙiƙa 5 zuwa 7 an gama. Babu harshen wuta, babu hayaƙi, babu jiran kuran ya dawo. Sauƙin ya kai inda yaron shago zai iya koyon dannawa a yini guda, kuma daga wannan sauƙin ne yawancin ɓarnar injin ke fitowa.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Wani injiniya ɗan ƙasar Suwidin mai suna Gunnar Larsson ne ya ƙirƙiro ta a ƙarshen shekarun 1950, sa'an nan kamfanin Mannesmann na Jamus ya karɓe ta a shekarun 1960 ya shiga ƙera rakor na ƙarfe. Wannan reshe, wanda aka sani da Mapress, ya koma hannun Geberit a 2004. Kamfanin Viega na garin Attendorn ya fito da nasa tsarin na jan ƙarfe, Profipress, a 1995, ya kai shi Amurka a 1999 da sunan ProPress. Injunan farko manya ne masu igiyar kuran. Zuwan batir na lisiyom, mai bolt 12 ko 18, shi ya mai da su abin da mutum ke riƙewa da hannu ɗaya kamar injin huda bango. Novopress, REMS, Rothenberger, Klauke, Ridgid da Milwaukee na cikin masu ƙera su a yau.

Abin da ke cikin injin shi ne ƙaramin moto da pampon mai, waɗanda ke tura wani sandan ƙarfe gaba, shi kuma ya rufe muƙamuƙin da ke rungume da rakor. Ƙarfin turawar a babban inji ya kai kilonyutan 32, wato nauyin da ya ɗan haura tan 3. In mun auna da abin da muka saba gani a kasuwa, buhu 32 ne na gero mai kilo 100, an tara su duka a wurin da bai fi faɗin yatsa biyu ba. Ƙananan injuna suna bayar da 19 zuwa 24, wanda shi ma ya ishi niƙe ƙashi. Muƙamuƙin bai san bambancin jan ƙarfe da yatsan ɗan Adam ba, kuma a yawancin injunan da zarar matsi ya kai wani mataki, aikin ya kan ci gaba da kansa har ƙarshe ko da an saki maɓallin. An yi haka ne da gangan don kada a bar haɗi rabi da rabi. Saboda haka kowane inji yana da maɓallin gaggawa da ke sakin mai ya mai da sandan baya, kuma shi ne abu na farko da ya kamata maigida ya nuna wa yaronsa tun kafin ya nuna masa inda a ke dannawa. Hannu ɗaya a mariƙin inji, ɗayan a jikin inji ko can nesa a kan tiyo. Wanda ke riƙe wa wani tiyo shi ya fi shiga hatsari, don ba shi ke da ikon dannawa ba, kuma sau da yawa mai dannawar ba ya ganin inda yatsun abokinsa su ke.

Ana cire batir kafin a sauya muƙamuƙi, ko a goge shi, ko a ajiye injin a wurin da yara ke kai-komo. Akwai wata sakata ta ƙarfe da ke riƙe muƙamuƙin a jikin inji. In ba ta shige har ƙarshe ba, matsin zai faɗa a gefe guda, ko sakatar ta karye ko bakin injin ya tsage. Shi kansa muƙamuƙin ƙarfe ne mai tauri ƙwarai, irin wanda ba ya lanƙwasa sai dai ya fashe, kuma in ya fashe ɓarɓashinsa na tashi kamar tsakuwar gwafa. Don haka tabarau na kariya wajibi ne, kuma duk muƙamuƙin da aka ga tsaga a jikinsa, ko da siririya ce kamar gashi, ya gama aiki. Kai shi wurin mai walda don a liƙe, ko a goge bakinsa da dutsen wuta, ganganci ne. Masu ƙerawa sun ƙayyade lokacin da za a mai da inji ga gwani ya duba shi, wasu bayan matsi 40.000 ko shekara 2, kuma da yawa daga injunan suna kunna fitila su faɗi da kansu in lokacin ya yi.

Ba kowane baki ke cin kowane rakor ba

A nan ne ya kamata ma'aikacin ƙasarmu ya buɗe ido sosai, domin kayan aikinmu daga wurare dabam-dabam su ke zuwa: wani sabo ne daga kanti, wani na hannu ne da ya yi rayuwarsa a Turai, wani an tsinto shi a Katako, wani an ɗauko shi daga Ƙofar Ruwa ta Kano. Kowane muƙamuƙi yana da siffar ciki da aka buga a jikinsa da harafi. Na rakor ɗin ƙarfe akwai V da M. Na tiyo mai hawa-hawa, wato roba ciki, alminiyom tsakiya, roba waje, akwai TH, U da H. Da ido za a ce duk ɗaya ne, amma V tana matsewa gaba da bayan zoben roba, M kuwa gefe ɗaya ta ke matsewa. In aka ɗora wannan a kan rakor ɗin wancan, injin zai yi ƙararsa ya rufe lafiya lau, haɗin ya yi kyau a gani, ya riƙe ruwa na wata ɗaya ko shekara, sa'an nan ya fara tsiyaya a bayan karo da siminti.

Awo ma haka ne. Tiyon jan ƙarfe na Jamus yana tafiya 12, 15, 18, 22, 28 a milimita, a Faransa an saba da 14 da 16, na Amurka kuwa da inci a ke auna shi, kuma abin da su ke kira rabin inci faɗinsa na waje ya kusa milimita 16. Muƙamuƙin Amurka a kan rakor na 15 ba zai matse shi yadda ya kamata ba. Wanda ya sayi injin da aka yi don kasuwar Amurka sai ya duba cajarsa kuma, don can bolt 120 su ke amfani da shi, namu na NIGELEC kuwa 220 ne. Sokawa ɗaya ta isa ta ƙone ta.

Zoben roban da ke cikin rakor shi ne ran haɗin gaba ɗaya, ƙarfen riƙe shi kawai ya ke yi. Baƙi na ruwa ne, rawaya na gas, kuma akwai na musamman don ruwa mai tsananin zafi kamar na tukunyar hasken rana. Musanya su a layin gas kasada ce da rayukan mutanen gida. Abubuwa uku ke kashe wannan zobe. Na farko kaifin da zarto ke bari a bakin tiyo, wanda ke yanka shi lokacin zurawa. Don haka a yanka tiyo da abin yanka mai faifai, a kankare bakinsa ciki da waje. Na biyu rairayi. A ƙasar da ƙurar hunturu ke shiga har cikin akwatin da aka kulle, rakor ɗin da aka zube a ƙasa a shantiye ba za a zura shi ba sai an duba an goge, kuma ya fi kyau ya zauna cikin ledarsa har lokacin aiki. Na uku mai. Tiyo in ya ƙi shiga, hannu ya kan kai ga baƙin mai ko giris, alhali baƙin zoben ba ya jituwa da man da aka samo daga fetur, kumbura ya ke yi ya lalace. Ruwa tsabtatacce ya wadatar. A ƙara da cewa kunna shalimo kusa da haɗin da aka riga aka matse yana dafa zoben a ciki ba tare da an gani ba.

Kafin a matse, ana zura tiyo har ya tokare, a ja layi da alƙalami a bakin rakor. In layin ya matsa lokacin ɗora inji, tiyon ya zame ke nan, sai a mai da shi. Wannan layin da ba ya cin daƙiƙa biyu shi a ke fara watsarwa in rana ta yi zafi kuma mai gida yana tsaye yana gaggawa.

Batir da zafin bazara

Masu ƙera batir na lisiyom suna rubuta cewa kada a yi masa caji in zafi ya wuce digiri 40 ko 45. A Jamus wannan gargaɗi ne da ba safai a ke tuna shi ba. A Tawa ko Yamai, cikin Afrilu da Mayu, zafin inuwa ma ya kan kai can. Cikin motar da aka rufe a rana, ko akwatin ƙarfe da aka bari a kan rufin kwano, zafin na haura 60. Batir ɗin da ya sha irin wannan ya kan rasa ƙarfi tun da wuri, wani ya kumbura, wani ya kama wuta, kuma wutarsa mai wuyar kashewa ce, tana iya sake tashi bayan an ɗauka ta mutu. A yi caji da sassafe ko da dare, a kan siminti, nesa da katifa da galan ɗin fetur, da cajar da aka yi domin sa. Batir ɗin da ya faɗo daga tsani ya tsage, ko ya kumbura, ko yana wari, a fitar da shi waje a ware shi. Kada kuma a jefa shi jaka ɗaya da ƙusoshi da makullai, don ƙarfe in ya haɗa bakunansa biyu tartsatsi ne zai tashi.

Kasancewar injin ba shi da igiya ba ya nufin mai riƙe da shi ya tsira daga kuran. Jikinsa na gaba ƙarfe ne, tiyon ma ƙarfe ne, kuma a gidajen da aka ja wayar wuta barkatai, ko tukunyar ruwan zafi ta lalace, tiyo na iya ɗaukar wuta. A kashe kuran daga kwantar kafin a taɓa tsohon layi. A rufe ruwa kuma a sauke ƙarfinsa: ana iya matse tiyo mai jiƙe, abin da dalma ba ta yarda da shi ba, amma ba wanda ruwa ke turawa da ƙarfi ba. A kan tsani kuwa, babban inji da muƙamuƙinsa sun haura kilo 4, kuma ya kan ɗan murɗa lokacin da ya ke rufewa, don haka mai aiki sama da kansa sai ya tabbatar da tsayuwarsa tukuna.

Saura gwaji. Haɗin dalma in ba a yi shi ba kowa zai gani. Haɗin matsi in an manta shi, kamarsa ɗaya da wanda aka yi. A gini mai haɗi ɗari uku mantuwa ɗaya ba abin mamaki ba ce. Wasu kamfanoni sun yi wa rakor ɗinsu wata ƴar hanya da ke sa ya yi ɗigo tun a gwajin farko in ba a matse shi ba, amma ba kowane rakor ke da ita ba, musamman marasa suna masu araha. Ma'aikata da yawa sun saba yi wa kowane haɗi alama da alƙalami da zarar sun matse shi. Ƙa'idar Turai ta EN 806 ta ce a gwada layin ruwan sha da ƙarfin da ya ɗara wanda aka yi shi domin sa, wato bar 11 ga layin bar 10. Gwaji da iskar kwamfireso ya fi hatsari, don iska in ta ƙwace tana harba rakor kamar harsashi. A Jamus ba a yarda ta wuce bar 3 ba.

Wannan batu ya fi shafar garuruwa irin Damagaram, inda ƙarancin ruwa tsohon zance ne. Mai gyara na iya gama aikinsa da la'asar alhali layin unguwa a bushe ya ke, ya buɗe pampo bai ga ɗigo ba domin babu ruwan da zai ɗiga, magini ya biyo bayansa ya shafe da siminti. Ruwan kuma ya dawo da tsakar dare, yana tura iska a gabansa yana bugun tiyo, lokacin da kowa ke barci. Ƙaramin pampon gwaji na hannu, mai agogon awo da bokiti ɗaya na ruwa, ba ya jiran ruwan gari. Da shi a ke cika layi, a ɗaga ƙarfin, a zuba wa allurar agogon ido na akalla rabin awa kafin a ba magini izinin rufe bango.