Ɓarna a Keɓantattun Wurare da Tasirin Kafafen Sada Zumunta

Idan aka ce keɓantaccen wuri, ana nufin daji ko dutse ko tafki da hukuma ta killace, ta haramta farauta da sara da haƙa a cikinsa, domin adana halittu da kayan tarihin da ke wurin. Daga cikin misalan irin waɗannan wurare akwai Gandun Dajin Yankari a Jihar Bauchi, wanda aka keɓe a 1956, da na Kamuku a Birnin Gwari, wanda ya zama gandun daji na ƙasa a 1999, da kuma Dajin Kuyambana a Ƙaramar Hukumar Maru ta Jihar Zamfara. Kafin zuwan doka kuwa, al'ada ce ke yin wannan aiki. Dutsen Kwatarkwashi, wanda matafiyi ke hangowa tsakanin Gusau da Tsafe, ya yi suna da mikiyoyin da suka riƙa sheƙa a kansa, kuma kwarjinin da yake da shi a idon mutanen da, ya isa ya hana yaro yi masa wasa.

Kalmar “ɓarna” tana da faɗi a Hausa, domin ta haɗa da ta dabba a gona da ta dukiya. Wadda ake magana a kanta a nan ita ce wadda ba yunwa ko neman abin masarufi ke haddasa ta ba, wato rubuta suna da fenti ko gawayi a jikin dutse, ko sassaƙa shi a ɓawon itace, ko fasa wani abu don nishaɗi kawai. Mai saran itace yana da hujjar da za a saurara ko da ba a karɓa ba. Mai rubuta suna kuwa, so yake kawai a san ya zo.

Wannan ɗabi'a ta girmi intanet. Raƙuman dawa na Dabous, da aka sassaƙa a jikin dutse a arewacin Agadas shekaru dubbai da suka wuce, sun sha tattakawa da rubuce-rubucen baƙi, har aka ɗauki kwafinsu a 1999 don gudun salwanta. Abin da kafafen sada zumunta suka sauya shi ne yawan 'yan kallo. A da, wanda ya rubuta sunansa a dutse sai ya jira wani ya hau kafin a gani. Yanzu kuwa hoto ɗaya a Facebook ko TikTok yana isa ga dubban mutane kafin mai shi ya sauko, kuma tsarin waɗannan kafafe yana ƙara yaɗa duk abin da ya ja hankali, ba tare da tantance kyau ko muninsa ba. Mai kallo ya ga an yaba wa wani, sai shi ma ya nemi yin abin da ya fi na farko. Bugu da ƙari, hoton yakan fito da sunan wurin, ta yadda kogon da a da makiyaya da mafarauta kaɗai suka sani zai wayi gari cike da baƙi.

An ga haka ƙarara a Amurka. A 2013 wasu jagororin 'yan sikawut sun ture wani dutse mai miliyoyin shekaru a gandun Goblin Valley na Jihar Utah, suka ɗauki bidiyo suna shewa, suka ɗora a Facebook. A 2014 kuma wata matashiya ta bi manyan gandaye bakwai, ciki har da Yosemite, tana zana fuskoki da fenti a kan duwatsu, tana sanya hotunan a Instagram. Abin lura shi ne, waɗannan hotuna su ne suka zama shaida a kansu. A 2016 kotu ta yanke wa matashiyar aikin al'umma na sa'o'i 200, tare da hana ta shiga gandayen na tsawon shekaru 2.

A ƙasar Hausa matsalar tsaro ta nesanta baƙi daga Kuyambana da Kamuku, saboda haka haɗarin ya fi karkata ga wuraren da ke kusa da gari, kamar Dutsen Dala a Kano da Kufena a Zariya da duwatsun Birnin Kudu masu ɗauke da tsofaffin zanen shanu. Zanen Birnin Kudu ya fi ban tsoro, domin idan fenti ya hau kansa, goge fentin kan tafi da zanen.

A nan ne batun ya shafi malami kai tsaye, domin shi ke jagorantar ɗalibai zuwa irin waɗannan wurare, kuma da yawansu na riƙe da waya. Hana ɗaukar hoto ba zai yi tasiri ba. Abin da ya fi shi ne a bayyana ƙa'idojin wurin tun a aji, a bar alli da alƙalamin fenti a makaranta, sa'an nan a ba kowane rukuni aikin tattara sunayen itatuwa da tsuntsaye da tarihin wurin daga bakin dattawa, a rubuta su da Hausa a ƙarƙashin hotunan da za su ɗora.