Shirin Musamman: In Ya Daina Sha, Zai Iya Aiki?

Yau shirin namu Amurka ya nufa, mu ji yadda mai taɓin hankali ko mai shaye-shaye ke neman tallafin nakasa daga gwamnati.

Hukumar Social Security ce mai wuƙa da nama. Tallafinta iri biyu ne: SSDI, na wanda ya yi aiki ya biya haraji kafin ciwo ya kwantar da shi, da SSI, na marasa hali, wanda aka fara biya a 1974. Sharaɗin lafiya ɗaya ne: ciwon ya hana mutum aikin da zai riƙe kansa, kuma ya kai wata 12, ko ana ganin zai kai, ko zai zama ajalinsa.

To, takardar likita mai cewa wane yana da ciwon damuwa ba ta wadatarwa. Hukumar abu huɗu take dubawa. Yana gane umarni ya riƙe? Yana iya mu'amala da mutane? Hankalinsa na tsayawa kan aiki har ya gama? Yana iya kula da kansa? Ɗaya daga cikin hanyoyin samun tallafin ita ce ya gaza sosai a biyu, ko ya gaza matuƙa a ɗaya. Wanda ya karye, hoton ƙashi zai nuna. Mai jin muryoyi kuwa sai tarihin zuwansa asibiti ya tsaya masa, alhali sau da yawa ciwon ne ke hana shi zuwa asibitin.

Batun shaye-shaye ya fi wuya. A da, kamuwa da giya ko ƙwaya kaɗai kan sa a ba mutum tallafi. A watan Maris na 1996 Shugaba Bill Clinton ya sa hannu a dokar da ta rufe wannan ƙofa, aka tsayar da biyan irin waɗannan daga 1 ga Janairun 1997. Tun daga nan tambaya guda ake yi: in ya daina sha, zai iya aiki? In zai iya, babu tallafi. In hanta ta riga ta lalace, ko taɓin hankalin na nan ko ba giya, ana iya ba shi, ko da shan ne ya jawo.

A takarda abin da sauƙi. Amma wa zai raba damuwar da ta kai mutum ga kwalba da wadda kwalba ta haifar? Shi ya sa hukumar ke ba da nauyi ga lokacin da mutum ya yi bai sha ba, misali yana kwance a asibiti, a ga ko ciwon ya lafa.

Mai ɗan'uwa a can da ke cikin wannan hali ya sani, yawancin masu nema ana ƙin su a karon farko. Akwai kwana 60 na ɗaukaka ƙara, kuma magana na iya kaiwa gaban alƙalin hukumar. Ku taimaka masa ya riƙa zuwa asibiti, ku adana masa kowace takarda.