Shanun Auren Xhosa Ba Kuɗin Sayen Mace Ba Ne

Duk lokacin da bidiyon bikin auren ƙabilar Xhosa ya bazu a Facebook ko TikTok, sai mutanenmu su yi ca a kai, wai a Afirka ta Kudu ana musayar 'ya'ya mata da shanu. Wallahi na gaji da wannan magana, don masu yaɗa ta ba su taɓa tsayawa sun tambayi yadda auren yake ba.

Xhosa su ne ƙabilar Nelson Mandela, cibiyarsu lardin Eastern Cape. Abin da ake ta surutu a kai shi ne lobola, dukiyar da gidan ango ke kai wa gidan amarya. A da shanu ne tsagwaronsu, yanzu galibi kuɗi ake bayarwa amma da sunan shanu ake lissafi.

A duba yadda ake neman auren. Ango ba ya buɗe baki a zaman. Baffanninsa ne ke tsayawa a ƙofar gida suna kiran kirarin zuriyar masu gida har a ba su izinin shiga. Ana bin diddigin isiduko, wato sunan zuriya, domin 'yan zuriya ɗaya ba sa auren juna. Sannan a kira yarinyar a tambaye ta ko ta san waɗannan baƙi. Wane mai saye ne yake neman yardar hajarsa?

Kuma dukiyar ba hanya ɗaya take bi ba. Dangin amarya kan rako ta da kayan ɗaki, su raba wa surukai barguna da tabarmi. A al'ada uba kan ba 'yarsa saniya, inkomo yobulunga, wadda miji ba shi da ikon sayarwa. Ba a cika biyan lobola a zama ɗaya ba, ragowar ce ke sa gidajen biyu su ci gaba da zumunci. In miji ya wulaƙanta matarsa, danginta na iya riƙe ta a gida sai ya zo biko ya biya tara. Wanda ya sayar da abu ba ya da wannan iko.

A gidan miji ana yi mata utsiki: a yanka akuya, ta ci naman, ta sha kindirmon gidan, a raɗa mata sabon suna. Ta sa siket na yadin shweshwe da baƙin ɗankwali, ta yafa bargo, tsofaffi su yi mata nasiha. Dokar aure ta gargajiya ta 1998 ta amince da wannan aure, da sharaɗin kowanne ya kai shekara 18 kuma ya yarda.

Ɓarnar da ta cancanci a yi fushi da ita tana wani wuri. Wasu kan fake da al'adar ukuthwala su sace ƙananan yara mata da sunan aure, kuma a 2015 babbar kotu a Cape Town ta tabbatar da ɗaurin shekara 22 a kan wanda ya yi wa yarinya 'yar shekara 14 haka. Akwai kuma iyaye masu tsauwala shanu don kwaɗayi.

Don haka kafin ka tura bidiyo, bincika wane biki ne, ka daina ɗora masa fassarar da ka ƙirƙiro. In an gayyace ka, tambayi masu gida suturar da ta dace, in kuma ke mace ce, kar ki sa kayan amarya alhali ba ke ce amaryar ba. Kar ka kutsa garken shanu don ɗaukar hoto, wuri ne mai alfarma a wurinsu. Kar ka tambayi ango nawa ya biya. In kana neman aure a can, nemi dattawan da za su wakilce ka, a rubuta abin da aka daddale, a yi rajista cikin wata uku. Musulmi kuma ya sani cewa lobola ta iyaye ce, ba ta ɗauke masa sadakin da yake haƙƙin matar. Mu da muke kai lefe da kuɗin gaisuwa, mu ji tsoron Allah kafin mu kira auren wasu ciniki.