Kafin Ka Buga Ƙofar Mota, Sauke Gilashi

Sau da yawa direba kan tura ƙofar mota ta ƙi rufuwa, sai ya ƙara ƙarfi ya buga. Ba kullum ne laifin makulli ba, mai karatu. Idan gilasai duka suna rufe, ƙofar kan danne iskar da ke ciki, ita kuma iskar ta turo ta baya. Motar nan ta Jamus mai kama da kunkuru, Volkswagen Beetle, wadda aka daina ƙerawa a 2003, ta yi suna wajen wannan hali.

Don haka masu ƙera motoci suke barin 'yan kafofi masu murfin roba a gefen but, a ƙarƙashin bamba ta baya, domin iska ta fita. Ƙurar hunturu, laka, ko buhunan da aka cusa a but suna iya toshe su.

Gwajin ba ya cin ko sisi. Sauke gilashi kaɗan ka rufe. In ta rufu salin-alin, to iska ce, a share kafofin. In ta ƙi, bakanike ya duba makulli. Kada dai a ja mota da yara ƙofa ba ta kama sosai ba.