Ko Kun Sani? Mariri Ya Koma Gida

Ko kun san cewa mariri, farar dabbar nan ta bakin hamada mai dogayen ƙahoni masu lanƙwasa kamar takobi, ya taɓa ƙarewa ƙarƙaf a daji? A shekarar 2000 aka tabbatar babu saura sai na gidajen ajiye namun daji. Farauta da mota da bindiga ce ta fi yi masa illa, fari da yaƙi suka ƙarasa.

A 2016 aka ɗauko guda 25 a jirgin sama daga Abu Dabi, aka sake su a gandun Wadi Rime da Wadi Ashim da ke tsakiyar Chadi. Gandun nan kuwa ba shi da shinge, makiyaya da raƙumansu suna ciki. Shi ya sa ma'aikatan gandun suke bin su zango-zango, a zauna a kan tabarma ana shan shayi, a bayyana musu amfanin na'urar bin sawu da aka ɗaura a wuyan dabbar da haɗarin gobarar daji ga ciyawar da kowa ke ci. Wannan zaman, a ganina, ya fi jirgin wuya.

A Disambar 2023 aka cire mariri daga jerin dabbobin da suka ƙare a daji.