Yusuf Hazziez, Mawaƙin da Ya Ajiye Waƙa Tana Tsakar Ci

A watan Satumba na 1972 wani mawaƙi baƙar fata a Amurka ya ba da sanarwar cewa ya bar waƙa. Muryarsa garau take, kasuwarsa kuma ba ta taɓa ci kamar wannan shekarar ba. Faifansa mai suna "I Gotcha" ya hau na ɗaya a jerin waƙoƙin baƙaƙen fata, ya kai na biyu a babban jerin mujallar Billboard na ƙasar baki ɗaya, an sayar da sama da miliyan biyu. Duniya ta san shi da Joe Tex. Shi kuwa yana amsa sunan Yusuf Hazziez, kuma ya ce wa'azi zai tafi.

Kafin a gane nauyin abin da ya ajiye, sai an san wuyar da ya sha kafin ya same shi.

Sunansa na yanka Joseph Arrington. An haife shi ranar 8 ga Agusta 1935 a ƙauyen Rogers na jihar Texas, ya girma a Baytown kusa da birnin Houston, a zamanin da doka ta raba wa baƙaƙe da farare makaranta da wurin cin abinci, har da famfon shan ruwa. Yana makarantar sakandare ya ci wata gasar nuna basira a Houston, aka ba shi dala 300 da tafiya New York. A can ya shiga gasar sababbin mawaƙa ta gidan wasa na Apollo da ke unguwar Harlem, inda 'yan kallo ke korar mutum daga dandamali da ihu idan bai burge su ba. Ya lashe gasar mako huɗu. Henry Glover na kamfanin faifai na King ya nemi ɗaukarsa nan take, mahaifiyarsa ta ce sai ya gama makaranta. Ya bi maganarta, sai a 1955 ya sa hannu.

Daga nan aka shiga shekarun fari. Ya yi King, ya koma kamfanin Ace, ya koma Anna a birnin Detroit, faifai bayan faifai, wajen talatin, babu wanda ya tashi. Abin da ya fi ciwo shi ne yana rubuta waƙa wani ya ci moriyarta. A 1961 mawaƙi James Brown ya rera "Baby You're Right", wadda Tex ya rubuta, ta kai na biyu a jerin waƙoƙin baƙaƙen fata.

Tsakaninsa da James Brown kuwa gaba ce ta gaske. Kowa na zargin ɗan'uwansa da satar salon rawa da wasa da sandar makirufo, wato a ture ta da ƙafa ta tafi kamar za ta faɗi a cafko ta. Sannan maganar mace ta shigo: Bea Ford, wadda ta kasance matar Tex, ta koma rera waƙa tare da Brown. Da suka rabu, Brown ya aika wa Tex wasiƙa cewa yana iya mayar da ita. Tex ya ba shi amsa da faifai sukutum. A 1963 aka haɗa su wasa ɗaya a garin Macon na jihar Georgia. Brown yana da wata al'ada ta durƙushewa a dandamali kamar ƙarfinsa ya ƙare, a zo a lulluɓa masa alkyabba a ɗaga shi. Tex ya fito da wani yagaggen mayafi, ya faɗi, ya nannaɗe kansa a ciki yana neman a cece shi, jama'a na ta dariya. Waɗanda suka halarta sun ba da labarin cewa a daren Brown ya bi shi da bindiga har wani gidan rawa inda mawaƙi Otis Redding ke wasa, aka yi harbe-harbe, mutane suka ji rauni, Tex ya sha da ƙyar.

Mutumin da ya ƙi yanke ƙauna da shi wani farar fata ne, Buddy Killen, mai harkar waƙoƙin ƙauye a birnin Nashville. Saboda Tex ya kafa kamfanin faifai na Dial a 1961, ya yi shekara uku yana zuba kuɗi babu riba. A ƙarshen 1964, shekarar da aka sa hannu kan dokar da ta haramta wariyar launin fata a wuraren jama'a, Killen ya kai shi wani ƙaramin ɗakin ɗaukar sauti mai suna FAME a Muscle Shoals ta jihar Alabama. Nan suka ɗauki "Hold What You've Got". Waƙar nasiha ce ga ma'aurata, kowa ya riƙe wanda Allah Ya ba shi kada kwaɗayin na waje ya sa ya yi biyu babu. A tsakiyarta Tex yakan bar rerawa ya koma magana, ya juya ga maza ya faɗa musu tasu, ya juya ga mata ya faɗa musu tasu, kamar mai wa'azi a kan mumbari. Da ya saurari abin da aka ɗauka bai gamsu ba, ya ce wa Killen kada ya fitar. Killen ya koma Nashville ya yanyanka zaren da aka naɗi waƙar a kai ya harhaɗa, ya fitar ba da saninsa ba. Kafin labari ya isa kunnen mai waƙar an sayar da 200,000. A farkon 1965 ta kai na biyar a jerin Billboard, daga baya ta haura miliyan.

Wannan faifai ya buɗe ƙofa ga wasu ma. Kamfanin Atlantic, wanda ya rarraba shi, ya fara tura manyan mawaƙansa wannan lungu na Alabama: Wilson Pickett a 1966, Aretha Franklin a Janairun 1967. Kiɗan soul na kudancin Amurka, wanda ya tsiro daga waƙoƙin majami'un baƙaƙen fata, ya samu gindin zama. Tex kuma ya yi ta jera nasara, har da "Skinny Legs and All" ta 1967, ita ma ta haura miliyan. Waƙoƙinsa na da barkwanci da habaici, amma kusan kullum akwai faɗakarwa a ƙarƙashi, kuma wannan magana da yake yi a kan kiɗa ita ce ta sa ake lissafa shi cikin magabatan mawaƙan rap.

A 1966, yana tsakiyar wannan ɗaukaka, ya shiga ƙungiyar Nation of Islam ta Elijah Muhammad. Dole a faɗi gaskiya a nan, domin mai karatu Musulmi ne ko maƙwabcin Musulmi. Aƙidar ƙungiyar a wancan lokaci ta saɓa wa tauhidi: suna koyar da cewa Allah Ya bayyana a jikin wanda ya kafa ta a Detroit a 1930, Wallace Fard, suna kiran Elijah manzo, suna azuminsu a watan Disamba. Malcolm X ya bar ta a 1964, ya yi aikin Hajji, ya biyo ta Najeriya ya yi jawabi a Jami'ar Ibadan, aka kashe shi a Fabrairun 1965. Amma ga baƙin mutum da ya taso ana ce masa shi ba kowa ba ne, ƙungiyar ta ba shi suna da tsabta da kamun kai, ta hana shi giya da caca da naman alade. Ta wannan ƙofar ɗan dambe Muhammad Ali ya shigo. Ta nan Yusuf ma ya shigo, kuma ban ga dalilin shakkar gaskiyar niyyarsa ba, tunda mai yaudara ba ya barin dukiya irin wadda ya bari.

Mu a Babura da Kazaure da Roni da Gwiwa mun san wannan ja-in-ja tsakanin ganga da allo. Makaɗi yana da wurinsa a biki da suna da gayyar noma, ana yi masa kari ana jin daɗinsa, amma gidaje da yawa ba sa son ɗansu ya ɗauki sana'ar. Mun saba ganin makaɗi ya ce ya tuba bayan furfura ta cika masa kai, ya dawo daga Makka, yara sun karɓe fage. Akwai kuma irin su Alhaji Mamman Shata, wanda ke kwance a Daura nan kusa da mu tun 1999, da suka riƙe waƙa da addininsu tare har ƙarshe ba su ga karo a ciki ba. Abin da ba mu saba gani ba shi ne mutum mai shekara 37, a shekarar da ya fi kowace shekara samu, ya ajiye ya tafi yawon wa'azi. Ita "I Gotcha" ɗin ma a bayan faifai aka sa ta, gaban kuwa wata waƙa ce kan addu'ar uwa. Masu gabatar da shiri a rediyo ne suka juya faifan.

Elijah Muhammad ya rasu ranar 25 ga Fabrairu 1975. Ɗansa Warith Deen Mohammed ya gaje shi, ya yi abin da mutane ƙalilan suka yi tsammani: ya rushe aƙidar mahaifinsa, ya mayar da dubban mabiya kan salloli biyar da azumin Ramadan da kalmar shahada kamar sauran Musulmin duniya. A wannan shekarar Yusuf ya koma ɗakin ɗaukar sauti wurin Killen. Kasuwa ta riga ta canja, kiɗan disko ne ke yayi. Duk da haka a 1977 ya sake fitar da faifan da ya kai na 12 a Amurka, na biyu a Ingila. Wannan ce babbar nasararsa ta ƙarshe. Bayan 1981 ya koma gonarsa a Navasota ta jihar Texas.

Ranar 10 ga Agusta 1982 aka same shi a ƙarƙashin ruwa a tafkin wanka na gidansa, aka kai shi asibiti ya farfaɗo, aka sallame shi. Bayan kwana uku, ranar 13 ga wata, ciwon zuciya ya ɗauke shi yana da shekara 47. Cikin waɗanda suka ɗauki makararsa akwai mawaƙa Wilson Pickett da Ben E. King da Don Covay, da Buddy Killen.

Dattawan Najeriya da suka yi samartaka a birane sun san James Brown, domin ya zo ƙasar nan a Disambar 1970 ya yi wasa a Legas, makaɗansa har suka je kallon Fela. Da aka buɗe zauren karrama mawaƙa na Rock and Roll Hall of Fame, Brown na cikin rukunin farko da aka shigar a 1986, kuma ya cancanta. Sunan Joe Tex an gabatar da shi sau da dama, masu zaɓe suna tsallake shi, kuma a ganina ba su yi masa adalci ba.